Zanen da Kawu Ya Ɗauka

Ranar da Kawu ya rasu, 'yan kasuwar Konni sun yi kukan da ban san suna da shi ba. Masu atamfa suka sauke labulen rumfuna, telolin bakin tasha suka bar keke a buɗe, har direbobin da ke kai masa kaya Malbaza da Badaguishiri suka zo da hula a hannu. Ina zaune ɓangaren mata ina jin maganganun da ke tsallako katanga. Wani ya ce an yi rashin mutum mai hannu sake. Wani ya ce Kawu ne ya nuna wa mutanen Konni cewa kayan kakanninsu suna da daraja. Wani tsoho kuwa sai maimaita yake, "Kai, mutum na, mutum na," kamar akwai wanda ya ce masa aljani ne.

Matar Kawu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Innata, wadda ita ce yayar mamacin, ita ta goya shi yana jariri, tana can ƙurya da tasbaha, idonta a bushe ƙamas. Da liman ya aiko a faɗa wa mata cewa duk mai haƙƙi a kan mamaci ya yafe masa, ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun yahe, Allah shi yahe muna." Bakin Inna bai motsa ba. Matar Kawu ta gani, ni ma na gani, kuma tun daga lokacin zaman makokin ya koma zaman gadin bakin Inna.

'Ya'yan Kawu, taubasaina, su suka ce tunda ni ce malamar lakwal a dangi, wato ta makarantar boko, in rubuta wani abu don kada a manta da mahaifinsu. To ga shi na rubuta. Ba za a manta da shi ba, wannan na yi alkawari. Sai dai ban ce musu zan shafa masa mai ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kawu gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yatsunsa kullum rine da fenti, ja a wannan hannu, shuɗi a wancan, ko ranar Salla ba sa fita. A Sakkwato ya koyo sana'arsa. Ya dawo da wasu katakai masu kusurwa huɗu da aka ɗaure wa yadi mai laushi, shi yana kiransu rariya. Zai ɗora rariya a kan mayo, wato 'yar rigar nan mai gajeren hannu, ko kallabi, ya zuba fenti, ya ja da guntun roba sau ɗaya, ya ɗaga, sai ga zane ya zauna ɗas. Yara kan taru a ƙofar shagonsa su yi ta kallo. Da zamanin jam'iyyu ya zo, da safe ya buga wa waɗannan, da la'asar ya buga wa abokan gabarsu, duk da rariyar da bai ko wanke da kyau ba. In an yi masa magana sai ya ce shi fenti ba shi da jam'iyya.

Amma ba siyasa ce ta yi masa suna ba, tsofaffin zane ne. Kawu bai taɓa ƙirƙirar zane ko ɗaya ba a rayuwarsa, ko da'ira bai iya ja daidai ba. Abin da ya iya shi ne gani. Ranar kasuwa zai ɗauki littafinsa da fensir ya shiga ƙauyuka, ya tsaya gaban tsohon matashin fata, ko ƙofar soro mai ado, ko cokalin Buzu, ko jalalar doki da ta sha jiki, ya kwafe abin da ke kai. Ya zauna da tsofaffi ya ba su goro, ya kwashe karin magana daga bakinsu. Bayan sati biyu sai ka ga samari a tasha da "Haƙuri maganin zaman duniya" a ƙirji, dagi a gadon baya. Wani ma'aikacin buro, wato ofishin gwamnati, ya taɓa faɗa masa cewa a doka, aikin da mai shi ya daɗe da mutuwa ya zama na kowa, kowa na iya amfani da shi. Kawu ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe karatun allo. Ya gajarta ta yadda za ta shiga aljihu, ya riƙa cewa, "Matacce ba shi kai ƙara."

Zan faɗi gaskiya, yawancin abin da ya ɗauka bai cuci kowa ba. Na ga wani tsohon baduku na Bazaga da ya hangi zanen kakansa a jikin wani ɗan kamasho, ya yi dariya har da hawaye, ya je shagon Kawu ya ce a ba shi tasa rigar. Kawu ya ba shi biyu. Ni kaina na sa mayo ɗinsa ina taƙama da su a kwaleji.

Zan kuma faɗi alherinsa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ci. Da mahaifina ya rasu ina 'yar shekara bakwai, Kawu ne ya zo Tajaye ya ɗauke ni, ya sa ni lakwal a Konni, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa a kwano ɗaya ba. Shekarar da aka yi fari da yunwa, gidansa ya zama zango. Duk wanda ya gudo daga ƙauyenmu nan yake sauka. Kawu kan zauna bakin ƙofa yana kallo har kowa ya ci, sannan ya kankare ƙanzo ya jiƙa da ruwa. Na gan shi da idona, ba labari aka ba ni ba. Shi ya sa abin da zan faɗa yake ci mini rai har yau, don da mugu ne tsantsa da na huta.

Kakata, mahaifiyar Inna da Kawu, a Tajaye ta zauna duk rayuwarta. Sana'arta zanen ƙwarya. Takan sa wuƙa a garwashi, in ta yi ja ta bi bayan ƙwarya da ita, hayaƙi na tashi, tana 'yan waƙe-waƙenta. Ita ce kuma mai wanke matan garin in sun rasu. A wajen mutanenmu wannan ba aikin da ake ba kowa ba ne, sai wadda aka yarda ba ta da tsegumi, wadda za ta ga tsiraicin mace ta mutu da abin da ta gani. Akwai zane ɗaya da ta gada daga kakarta, layi uku masu zagaye ƙwarya amma ba sa haɗuwa, ana bar musu 'yar ƙofa, da ɗige-ɗige a tsakaninsu. Ba a yin sa sai a ƙwaryar wankan gawa. Kowace mace ta rasu, Kaka ta zana mata sabuwa, a yi wanka, a fasa ƙwaryar. Guda ɗaya kawai take ajiyewa, ta gado, a kife can saman ragaya a ƙuryar ɗaki. Ba a sha da ita, ba a aunawa da ita. Duk ɗan Tajaye ya san wannan. Ni da na tashi a Konni da littattafan Faransanci, ban sani ba.

Kawu ya sani. A ɗakin aka haife shi.

Lokacin ina koyarwa a Malbaza, mace ce ni cikakkiya, ba yarinya ba, don haka ba zan ɓuya bayan ƙuruciya ba. An ba da hutun lakwal, na biyo ta Konni zan wuce gida. Kawu ya kira ni cikin shago, ya miƙo mini sabon littafi da fensir.

"Madam," haka yake kirana in yana son abu, "ke ad da hannu mai kyau. In kin tahi, akwai wata ƙwarya bisa ragaya, can ƙurya, kihe take. Ki kwaso min zanenta."

Na ce, "In tambayi Kaka?"

"A'a, kar ki dami tsohuwa. Kin san ta da hwaɗa. Ki bari sai ta hita."

Na bari sai da ta fita barka wani gida da hantsi. Na taka turmi, na sauko da ƙwaryar, na hure ƙura, na zauna bakin ƙofa inda haske yake na kwafe zanen tsaf, ina jin daɗin yadda hannuna ya iya. Na mayar da ita yadda na same ta. Da na kawo wa Kawu ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wanga shi za ya ci kasuwa."

Ya kuwa ci. Ya buga shi baƙi da ja a kan kallabi ruwan ɗorawa, ana saura wata ɗaya Salla. Matan Konni suka sa masa suna Sha-kallo. Wadda ba ta da Sha-kallo a Sallar nan kamar ba ta yi Salla ba. Ya shiga Malbaza, ya shiga Badaguishiri, 'yan koli suka yi ta jigilarsa. Ni ma Kawu ya ba ni ɗaya kyauta, na ɗaura na shiga aji da shi ina yanga.

Bayan Salla aka yi suna a gidan maƙwabtan Kaka, na je. Kallabina na cikin jaka, na ce sai na wanke ƙurar mota sannan in ɗaura. Tsakar gida cike da mata, ana guɗa, ana raba fura. Sai ga wata 'yar'uwar mai jego daga Badaguishiri ta shigo da Sha-kallo a kanta. Ba ta tsaya nan ba, ta ciro wani sabo daga leda, ta ce tsaraba ce, ta ɗaura wa mai jego da hannunta. Guɗa ta yanke a tsakiya. Wata tsohuwa ta saki ludayi. Uwar mai jego ta yi tsalle ta fizge kallabin daga kan 'yarta har da gashi, tana salati, mai jego ta fashe da kuka ba ta ma san dalili ba tukuna.

Aka kawo kallabin gaban Kaka aka shimfiɗa a ƙasa. Maƙwabciyarta, ƙawarta tun suna 'yan mata, ita ta yi magana.

"Wanga zanen wa na?"

Kaka ta duba, ta ce, "Na gidanmu na."

"Wa ka buga kallabi Konni?"

"Ɗana."

"To nawa anka ba ki?"

Kaka ta ce, "Ban saida ba. Wallahi ban saida ba, ban ba kowa ba."

Matan suka kau da kai. Ina tsaye taku uku daga wurin, jaka a hammata, na matse ta kamar za a ƙwace. Kalma biyar ta isa in wanke tsohuwar nan, ban faɗe su ba. Kunya ta riƙe ni, da tsoro, da girman kan malamar lakwal da ba ta son a ce ita ce jahilar taron.

Mai jegon ta yi zazzaɓi bayan kwana kaɗan. Ta warke, amma magana ta riga ta zauna, cewa tsohuwa ta sayar da zanen matattu ya bi kan masu rai. Da wata mata ta rasu a unguwar da damina, Kaka ta ji salati, ta hura garwashi, ta zaɓi ƙwarya, ta zauna tana jiran ɗan aike. Inna ta ce har wutar ta mutu ba wanda ya zo. Aka ɗauko wata daga unguwar gabas ta yi wankan. Daga ranar ba a sake kiran Kaka ba, ita kuma ba ta sake sa wuƙa a wuta ba, ko don ƙwaryar nono.

Inna ta shiga mota ta zo Konni, ta ce in raka ta shagon. Muka same shi yana jan fenti a kan Sha-kallo, an shanya wasu a igiya reras. Ba ta zauna ba.

"Abu guda niz zaka roƙo," in ji ta. "Ka taho Tajaye ran Juma'a, ka tsaya gaban mutane, ka hwaɗi tsohuwa ba ta sani ba. Shi ke nan. Ban ce ka bar sana'arka ba."

Kawu ya goge hannu da tsumma. "Yaya, zanen ga na kakar tsohuwa na. Ta hi shekara ɗari cikin ƙasa. Doka ta ce na kowa na."

"Ka san na mi na."

"Na sani. Matan Konni ba su sani ba, kuma ba wadda tam mutu."

"Uwarka ta ka mutuwa zaune."

Ya ajiye tsumman, na ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya juyo ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa na ciniki. "Ni dai ban taka Tajaye ba bana, balle in hau ragaya. In na tahi na hwaɗi, sai an tambaye ni wa yak kawo min. Akwai wanda nika rufa ma asiri."

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na goya ka, ashe kaya nig goya." Ta fita. Ni na bi ta a baya kamar akuya.

Wannan murmushin shi ne abin da ban yafe ba. Ya zaɓe ni ne don ya san ban sani ba, ya kuma ajiye ni a matsayin garkuwa. Ya ciyar da ni shekara goma sha, ya san inda raunina yake, ya sa yatsa daidai wurin. Daga baya ya aika wa Kaka buhun shinkafa da turmin atamfa. Ta ce a ajiye a zaure. Nan suka zauna har ɓera ya huda buhun. Shi kuwa ya ci gaba da bugu har rariyar ta yage, ya ɗaura sabuwa. Hali zanen dutse.

Damina biyu Kaka ta ƙara. Ina Malbaza saƙon rasuwarta ya same ni, kafin in iso an rufe ta. Kawu ya zo da babbar riga, ya zauna cikin maza, ya karɓi gaisuwa kwana uku, ya raba goro da dabino a wadace, kowa na cewa ɗa ya yi wa uwa. Duk mutanen da ya kamata su ji maganar suna zaune gabansa a tabarma ɗaya. Bai buɗe baki ba. Ni ma ina cikin gida, ban buɗe ba.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, wanda likita ya ce warin fenti ne na shekaru, na je asibiti da rana na same shi shi kaɗai. Ya rame, yatsun nan sun yi fari a karon farko. Na ce, "Kawu, tsohin Tajaye sun kusa ƙarewa. Ka aika a hwaɗa musu tun da sauran mai ji." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Madam, ke ma kina da baki." Na tashi na fita ban yi masa sallama ba, kuma wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ya faɗi gaskiya, kamar yadda ya faɗi gaskiya a kan doka. Ban taɓa ganin mutumin da ke fakewa da gaskiya yana cuta irin Kawu ba.

Ranar addu'ar bakwai matar Kawu ta durƙusa gaban Inna, ta kama ƙafarta. "Yaya, don Allah, don Annabi, ki yahe mishi. Ba shi da inda za shi nema yanzu." Inna ta ɗaga ta, ta share mata hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Ke ba ki yi min komi ba." Iyakar abin da ta ce ke nan. Muka kama hanyar Tajaye.

Washegari da hantsi muna zaune tsakar gida muna ɓarar wake, na faɗa mata. Na faɗi littafin, da turmin da na taka, da kallabin da ke cikin jakata ranar suna. Inna ba ta daina ɓara ba.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar. Wa ka shiga ɗakin ga in ba ke ba? Tsohuwa ma ta sani, ta ga turmi ba inda tab bar shi ba."

Na ce, "Ta sani? Mi yas sa ba ta hwaɗi ba?"

"Ta ce ke aiko ki anka yi. Ta ce a bari wanda yay yi aiken shi zaka da ƙahwatai. Kullum Juma'a sai ta sa an share zaure, tana jiran shi."

Inna ta zuba waken a kwando, sannan ta faɗa mini abin da ta ɓoye mini shekaru. Ranar da Kaka ta rasu, matan da suka zo wanka sun ce zanen ya riga ya yi yawo a kasuwa, ba za su taɓa shi ba, kuma ba wadda za ta zana sabo. Da robar wanke-wanke aka wanke ta, wata koriya mai tsagaggen baki. Inna ce ta riƙa zuba ruwan.

"Macen da taz zana ma kowa tata," in ji Inna. "Shi kuwa yana waje yana rabon goro. Ke na yahe miki tuni. Shi, ya tahi ya iske ta, su yi ta can." Ta miƙa mini mayafina. "Tashi. Maƙwabciya na nan da rai."

Na tashi na shiga gidan. Ƙawar Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, tana zaune a inuwar rumbu da wasu tsofaffi biyu. Na durƙusa na faɗi komai da ƙarfi don su ji, da sunana, da na Kawu. Na ɗauka za su zage ni, har na shirya. Tsohuwar ta yi ta lalubar ƙasa da hannu. Sai hawaye ya biyo kuncinta.

"Ta rantse muna da Allah," ta ce, "munka ƙi ta." Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "To ɗiyata, yanzu da kinka hwaɗi, wa za mu ba haƙuri?"

Taubasaina, ga abin da kuka ce in rubuta. Ubanku ya ciyar da mayunwata, ya sa marainiya lakwal, ya kuma bar uwarsa tana share zaure har ta mutu. Allah ya jiƙansa, Shi rahamarsa ta fi tamu yalwa. Na karanta wa Inna wannan addu'ar sau biyu, ba ta ce amin ba.